Belin taimin: tsohon Beljiyam ba ya maye gurbin sabo

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masu motoci da 'yan'uwana makanikai kan wata al'ada da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Mutum zai kawo mota a canza belin taimin, ka ce a sayo sabo, sai ya ce, "A'a, Oga, a samo mini ɗan Beljiyam, shi ne orijina." Sai a tura yaro Fanteka, kasuwar kayan gyaran mota, ya dawo da belin da aka ciro daga injin da ba wanda ya san shekarunsa. In ƙarfe ne, kamar giya ko kan inji, na yarda tsohon Beljiyam yakan fi sabon jabu. Amma bel roba ce da zare a ciki, kuma roba tana tsufa ko a ajiye take. Ka lanƙwasa irin wannan belin a hannunka ka duba bayansa da gindin haƙoransa, sau da yawa za ka ga ƙananan tsaguwa. Wani ma ba ya nuna komai, alhali zaren ciki ya riga ya gaji.

Wannan bel shi ke daidaita buɗewa da rufewar bawul da hawa da saukar fistan. A injina irin na Honda Accord V6, da Civic ta 2001 zuwa 2005, da Peugeot 406, idan ya tsinke ana cikin tafiya fistan yakan daki bawul ya lanƙwasa su. Daga nan sai janwe, sai sauke kan inji, wani lokaci sai sabon inji ɗungurungum. Camry mai injin lita 2.2 takan tsaya ne kawai ba tare da wannan ɓarnar ba, amma wa ke son mota ta mutu masa da iyali a hanyar Kaduna zuwa Abuja bayan magariba? Ita kuwa Camry mai 2.4 sarƙa gare ta, don haka kada wani ya karɓi kuɗinka da sunan canza mata bel.

Ba na cewa dole sai wanda ke cikin kwalin Toyota ko Honda. Yawancin kamfanonin mota ba su ke ƙera bel da kansu ba, sayowa suke yi. Sabon belin Gates, ko Continental, ko Dayco, ko Mitsuboshi, muddin na gaskiya ne, yana aiki lafiya kuma kuɗinsa yakan fi sauƙi. Matsalarmu ita ce jabu, domin yanzu kwali ba shaida ba ne. Duk wanda aka sakar maka a farashin da ya yi araha fiye da ƙima, ka ajiye shi. Ka saya wurin ɗan kasuwar da zai rubuta maka rasit, ka ƙirga haƙoran sabon da na tsohon kafin a ɗaura.

Kuma tunda an riga an buɗe wurin, a canza tanshina, wato abin da ke ɗame belin, da fulin da belin ke bi a kai, da famfon ruwa idan belin ne ke juya shi. Idan baƙin mai na tsiyaya a wurin a toshe shi, domin mai yana cinye roba. Sabon bel a kan tsohuwar tanshina ba ya kai ko'ina, kuma kuɗin aiki sau biyu za a biya.

Batun lokaci, Honda kan ce mil 105,000 ko shekara 7, amma inda zafi ke wuce digiri 43 ta ce a canza a mil 60,000, wato kusan kilomita 100,000. Duk wanda ya san watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ya san lissafin da ya shafe mu. Wanda ya sayi 'yar Kwatano kuma, kada ya dogara da lambar da agogon mota ke nunawa, ana mayar da ita baya. Ya canza bel kafin ya fara doguwar tafiya.

Ina kira ga hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, wato SON, da shugabannin 'yan kasuwar kayan gyara a Fanteka da Ƙofar Ruwa da Ladipo su sa ido sosai kan masu shigo da belin jabu, su kuma hana sayar da tsohon belin taimin gaba ɗaya.

Na gode da wannan fili.

Naku,
Wani makanike daga Kaduna