Mawaƙanmu na arewacin Kamaru, ku daina binne waƙa da ranta

Malam Edita, assalamu alaikum, sannu da ƙoƙari. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da matasan mawaƙanmu tun daga Gawundare, Garwa, Marwa har Kusiri, da ƴan uwa na tsallaken gada a Injamena, don abin ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Sana'ata tura waƙoƙi a memori a kasuwa, kuma ina dije a gidajen biki, shi ya sa na san waƙar da ake nema da wadda aka manta da ita tun kafin mai ita ya gama biyan bashin sutudiyo.

Yaro zai tara kuɗi wata da watanni, wani ma ya canza sefa zuwa naira ya tsallaka Yola ko ya niƙi gari har Kano neman firodusa mai hannu, ya dawo da waƙa mai daɗi wlh, ranar Juma'a ya sa fosta a sitatus ya watsa ta a duk guruf ɗin da yake ciki har na ƴan makarantar firamarensu, kwana uku ana ta rubuta masa Allah ya sanya albarka, shikenan an gama. Sati na zagayowa sai ka ga ya rubuta wai sabuwa na nan tafe. Haba malam, wacce kuma? Wadda ka saki fa ko rabin unguwarku ba su ji ta ba. Yarinya mai tallan ƙosai ma ai ba ta kira sau ɗaya ta koma gida.

Abin da yawancinsu ba su gane ba shi ne TikTok da Facebook da YouTube ba sa nuna bidiyonka ga duk mabiyanka, suna fara gwada shi a kan mutane kaɗan ne, in sun kalla har ƙarshe ko sun maimaita ko sun tura wa wasu sai a ƙara buɗe masa hanya, in sun wuce shi da yatsa ya mutu a nan. Kenan duk guntun bidiyo da ka sa sabuwar dama ce, ko da waƙar ɗaya ce. Mu kuma nan mega, wato data, tsada gare ta, wuta ta zo ta tafi, ba wanda zai ƙona kuɗinsa a kan bidiyon minti shida na mutumin da bai sani ba. Amma ka yanko amshin kawai, daƙiƙa 20 ko 30, ka fara da kalmar da ta fi taɓa zuciya, wannan kowa zai iya kalla ya sa a sitatus. Don Allah a daina fara guntun da kiran sunan firodusa da gaisuwar alhazai, kafin ka kai ga waƙar mutum ya daɗe da wucewa. Alhaji zai ji sunansa a cikakkiyar.

Waƙa guda tana da abin da za a ci wata uku ana fitarwa in da dabara. Yau amshi, bayan kwana biyu baitin da ya yi maganar uwa, don shi daban yake kama mutane, wani satin ka zauna ka rera ta da murya zalla ba kiɗa, kuma kar ku raina wannan, akwai mutanenmu da yawa da ba sa sa kiɗa a wayarsu amma za su ɗauki murya zalla su yi ta yaɗawa. Ka ba da labarin abin da ya sa ka rubuta ta. Sannan ga abin da muke da shi wanda mawaƙin Kano ba shi da shi, wato harsuna. A Garwa da Marwa Fulatanci ne harshen kasuwa, a Kusiri da Injamena Larabcin Chadi, ga Faransanci na ƴan makaranta, to me zai hana ka juya amshin nan kaɗai zuwa Fulatanci ka sake shi bayan sati biyu? Ba sai ka koma ka biya kuɗin sabuwar waƙa ba, kiɗan na nan, kuma ka samu wasu masu saurare daban da ba su taɓa jin sunanka ba.

Bidiyon biki ma yana aiki sosai, in aka ga mutane na rawa da waƙarka sai mai shirin aure ya ce nima ita nake so. Amma fa a nemi izini. Na sha ganin an ɗauki matan mutane suna rawa a wajen kamu an watsa a TikTok ba da saninsu ba, ƙarshe rigima har gaban iyaye, kuma gidan nan ba za su sake kiranka ba har abada.

Wani abu kuma da ke ba ni haushi, sai waƙa ta kama a TikTok ka danna sautin ka ga sunan wani can daban, saboda shi ya riga mai waƙar ɗora ta. Dubban bidiyo a kan sautin amma ba wanda ya san mai ita. Ka riga kowa ɗora guntunka da sunanka da sunan waƙar, in kana da hali ka bi ta kamfanonin rarraba waƙa irin su DistroKid ko TuneCore su shigar maka da ita rumbun sautukan a hukumance.

Kuma mu daina yaudarar kanmu da maganar kuɗin intanet. YouTube sai ka kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara kafin a fara maganar kuɗin talla. Spotify, dandalin sauraren waƙa a intanet, ya shigo Kamaru da Chadi a 2021, amma tun 2024 waƙar da ba ta kai saurare 1,000 a shekara ba ba a biya mata komai, kuma tsakani da Allah mutum nawa ka sani a unguwar Yelwa ta nan Garwa da ke jin waƙa a Spotify? Audiomack da Boomplay sun fi kusa da mu, su ma dai ba su za su saya maka mashin ba. Kuɗin mawaƙi a nan yana wajen biki da suna da liƙi da waƙar da wani zai ce a yi masa ta musamman. Don haka duk guntun da ka sa, ya zama akwai lambar da za a kira a shafinka, kuma wayar ta kasance a kunne, mai asusun karɓar kuɗi ta waya irin Orange Money ko MoMo. Wani zai sayi mabiyan bogi don a ce ya yi suna, to su ba sa aure ba sa suna, ba za su gayyace ka ko'ina ba.

Lokaci ma a duba shi. Gab da azumi aure yake yawa, nan ne za ka sake tado waƙar amarya ko ta bara ce. Cikin azumi ka yi shiru da kiɗa, ba wanda zai ji daɗinka. Sallah ƙarama da babba kuma, da lokacin da manoma suka karɓi kuɗin auduga, nan ake da abin kashewa.

Ƴan uwa na Chadi ba za su manta ba, daga Maris 2018 har Yuli 2019 a rufe kafafen sada zumunta suke a ƙasar, wanda duk jarinsa ke Facebook ya ji a jikinsa. Shi ya sa nake cewa kar a raina tsohuwar hanya, ka kai wa masu turi a kasuwa da hannunka, ka kai tashoshin jiha na CRTV, gidan rediyo da talabijin na gwamnatin Kamaru, da ƙananan gidajen rediyo, ka bar masu mashin da masu shayi su tura wa juna ta Xender. Wasu mawaƙan na fushi wai ana raba musu waƙa kyauta, na san za a ce don sana'ata ce nake kare ta, amma ni a ganina wanda ba a san shi ba tukuna bai kai matsayin wannan fushin ba.

Ku kuma firodusoshi, in yaro ya biya ku, ku haɗa masa da kiɗa zalla da murya zalla a fayil daban daban, kar sai ya dawo yana roƙo kuna cewa kwamfuta ta goge. Kuma ranar ɗaukar murya a samu wani ya riƙe waya a tsaye yana ɗauka tun daga farko, don da wannan bidiyon zai yi ta yanka yana sawa.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka jarida.

Naku,
wani mai turin waƙa daga Garwa, Kamaru