Godiya Ga Garejin Da Ya Tayar Mini Da Mota Bayan Ta Yi Sati Uku A Kwance

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Oga da dukkan yaran garejin gyaran motocin dizal da ke wajen Ƙofar Ƙaura, a birnin Katsina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya jama'a? Oga, ranar da na zo ɗaukar motata na yi maka godiya da baki, ka ce in bari, ai aikinku ne. Na koma gida abin bai bar raina ba, shi ya sa na ga ya dace in rubuta a inda jama'a za su gani, domin yabon gwani ya zama dole. Ka roƙe ni kar in sa sunanka, na kuma kiyaye. Wanda duk ya san ni kuma yake da mota irin tawa, ya same ni in raka shi har bakin garejin.

Ni ɗan kasuwar hatsi ne. Wake, gero da riɗi nake saye a kasuwannin ƙauye, in kawo Katsina. Motata Hilux ce mai shan gas, wato dizal, ƙirar 2010, mai injin 2KD, kuma ita ce ƙafata, ita ce shagona. Ranar da ba ta fita ba, ranar ba ni da ciniki.

Matsalar ta faro ne a bazarar bana, lokacin da rana ke dukan ƙasa kamar da gayya. Ina dawowa daga kasuwar Mai'adua da kaya, na wuce Daura, sai injin ya ɗauke cak ina cikin tafiya, ba tari ba gargaɗi. Na gangara gefen titi, na yi ta murza makulli. Kik yana juya injin da ƙarfinsa, amma ta ƙi kamawa. Bayan kamar rabin awa na sake gwadawa, ta tashi kamar ba ita ba. Sati na gaba na tsaya sallar la'asar a Mashi, na fito ta ƙi tashi, sai da aka kira magariba ta yarda. Karo na uku a ƙofar gidana ne da sassafe, inji da sanyinsa, kuma daga ranar ba ta sake tashi ba.

Abin da ya biyo baya duk mai mota ya san shi. An ce batir ne, na saya. An ce matacin mai ya toshe, aka canza. An kwance nozul huɗu, masu fesa mai cikin inji, aka kai wanki, aka dawo da su aka ɗaura. Wani ya fesa fetur ta hanyar iska, injin ya yi tari biyu ya mutu, ya ce to ga shi nan, mai ne ba ya zuwa, famfon mai ya mutu, sai an sayo wani. Da na ji kuɗin famfon sai da na nemi wuri na zauna. Ba na riƙe kowa a zuciya. Yawancin waɗannan bayin Allah sun koyi aiki ne a kan tsofaffin injina masu famfon da ba ya neman izinin kowa, kuma a can iliminsu yana ci. Amma kowane gwaji da aljihuna aka yi shi, ga lokacin saye yana wucewa, abokan kasuwa suna ɗauke kayan da na saba ɗauka.

Wani direban babbar mota ne ya ce in kawo ta wurinka. Da janwe muka iso da hantsi. Na zaci za ka ce a buɗe bonet a fara kwance-kwance, sai ka sa aka ba ni benci da ruwan sanyi, ka zauna kana tambayata kamar likita. "Alhaji, da zafi ta fara yi maka haka ko da sanyi? In ta mutu, minti nawa take yi kafin ta tashi? In kana murza ta, allurar da ke nuna juyin inji tana motsi ko tana kwance?" A sati uku babu wanda ya yi mini ko ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi. Ta ƙarshen ma ban san amsarta ba, sai da ka sa yaro ya murza muka duba tare. Allurar ko gezau.

Daga nan ka auna batir, ya nuna bolt 12.6, kuma ko da ana murzawa bai sauka ƙasa da 10 ba. Ka ce wannan ya fita daga zargi. Sai ka jona kwamfuta a soket ɗin nan mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Lambobi suka fito da yawa, saboda an yi ta cire wayoyi ana mayarwa. Ka rubuta su duka a takarda, ka goge, ka ce a sake murzawa. Guda ɗaya ce ta dawo: P0335, wato matsala a layin sensar karanshaf, na'urar da ke bin juyin babbar sandar inji. Ka juyo mini da fuskar kwamfutar, ka nuna mini inda take ƙirga juyin inji. Kunnena yana jin inji yana juyawa, ita kuwa tana nuna 0, alhali ka ce kamata ya yi ta nuna wajen 200 ko fiye.

Bayanin da ka yi mini a nan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai, zan kuma maimaita shi yadda na fahimta don wasu su amfana. Injin dizal ba shi da fulogin wuta irin na motar fetur. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafi sosai, sai nozul ya fesa mai a daidai wannan lokacin, ya kama da kansa. A irin injina, ba famfo ne ke yanke lokacin fesawa ba. Famfo aikinsa ya tara mai da ƙarfi a cikin bututu guda da dukkan nozul ke sha daga gare shi, sannan birenbokis, wato kwamfutar da ke cikin motar, ya buɗe kowane nozul da lantarki. To shi birenbokis ba ya ganin cikin inji. Sensar karanshaf ce ke gaya masa inda kowane fistin yake, tana ƙirga haƙoran wani faifan ƙarfe mai haƙora 34 da giɓin haƙora biyu, giɓin nan shi ne alamar da ake fara lissafi daga kanta. Ka ce mini in tuna mata huɗu suna lugude a turmi ɗaya, kowace da lokacin da taɓaryarta ke sauka. In suka daina jin ƙidayar, gara kowa ta riƙe taɓaryarta da a fasa wa wata hannu. Haka birenbokis yake yi: in bai ji daga sensar ba, ba zai buɗe nozul ko ɗaya ba, ko da tanki cike yake, ko da famfo sabo ne fil. Wanda ya ce mini mai ba ya zuwa ya faɗi gaskiya, dalilin ne ya kuɓuce masa.

Ni da na ji haka na ce to a sayo sensa kawai. Ka ce, "A'a ranka shi daɗe, lambar cewa ta yi a duba layin, ba ta ce a saya ba. Waya na iya tsinkewa, soket na iya cin tsatsa, ɓera ma na iya yin aikinsa, tunda hatsi kake ɗauka." Ka sa babban yaronka ya bi wayoyin da mita tun daga soket har birenbokis, suka nuna lafiya. Sannan aka ciro sensar aka auna ta. Ka ce mai lafiya, in da sanyi, tana nuna tsakanin 1,600 da 2,700 ko kusa da haka, a ma'aunin om na mita. Tawa ba ta nuna komai ba, a tsinke take daga ciki. A nan ne labarin hanyar Daura da na Mashi ya fito fili. Cikin sensar akwai siririyar wayar tagulla da aka naɗe a jikin maganaɗisu. In ta fara tsagewa, zafi yana buɗe tsagar mota ta mutu, in ta huce sai bakin ya sake haɗuwa ta tashi, har ranar da za ta rabu gaba ɗaya. Ka kuma juya ta a hannunka ka ce wannan ba ta asali ba ce, jabu ce. Na tuna shekara biyu da suka wuce an taɓa buɗe injin a wani wuri, aka ce an canza wasu ƙananan kaya, ban bi diddigi ba.

Ka ba ni zaɓi, ko in je da yaronka mu nemo da kaina, ko ka aika Kano a kawo ta asali. Na ce ka aika. Washegari ta iso, kuma ita ma sai da ka ɗora mata mita a gabana kafin a ɗaura. An wanke soket ɗin daga baƙin mai da ƙurar da suka daskare a ciki, aka ɗaure wayar nesa da inda zafi yake. Murzawa ɗaya ta tashi. Wallahi Oga, ban san lokacin da na ce Alhamdu lillahi da ƙarfi ba har masu shayin gefe suka waigo.

Na so in ja motata a take, ka hana. Ka bar ta tana aiki har ta yi zafi, ka kashe, ka tayar, sau uku, tunda da zafi ciwon ya fara. Ka nuna mini a kwamfuta ƙarfin mai a bututu yana wajen bar 300 (bar ma'aunin ƙarfin matsi ne) in ba a taka totur ba, yana hawa in an taka totur, ka ce famfon da aka yanke wa hukunci lafiyarsa ƙalau. Da ka ga dama da ka yi shiru ka sayar mini da famfo, ka haɗa da sensar a ɓoye, motar ta tashi, in tafi ina sa maka albarka ban san komai ba. Wannan ne ya sa na ɗauki biro.

Akwai abu biyu kuma da ba zan manta ba. Ka gano an mayar da nozul da tsofaffin zobban tagullarsu, ɗaya har ya fara hura hayaƙi ta gefe, ka canza su huɗun ka gaya mini dalili. Sannan na ga yadda ka daka wa wani ƙaramin yaro tsawa da ya kai sifana zai sassauta bututun nozul inji yana aiki, irin yadda ake fitar da iska a tsofaffin motoci. Ka kira su duka ka ce man da ke cikin bututun nan yana iya haura bar 1,000, in ya tsarto yana huda fata ya shiga nama, mutum ya rasa yatsa ko hannu. Ka kuma ja kunnena a kan fesa fetur ta hanyar iska, cewa yana iya fasa fistin. Yaran nan sun yi dace da maigida, Allah Ya sa su riƙe abin da suke koya.

Kuɗin da ka karɓa, na aiki da na kaya, bai kai rabin abin da na kashe a sati ukun farko ba, ka kuma rubuta mini kowanne daban a takarda. Tsohuwar sensar ka sa a leda ka miƙo mini, tana nan cikin aljihun dashbod, kuma na nuna wa direbobi da dama a tasha.

Tun daga ranar na je Mai'adua sau shida, na je Jibiya da Dutsin-Ma. Duk dawowa ina tsayawa la'asar a masallacin nan na Mashi, in fito in murza sau ɗaya mu kama hanya. Allah Ya saka muku da alheri, Ya sa albarka a sana'arku, Ya jiƙan iyayenku, Ya kare hannuwanku. A gaishe mini da yaron da ya kwanta ƙarƙashin motar cikin zafin nan ba tare da ya ɓata fuska ba. In Allah Ya kai mu Asabar zan kawo ta a zubar da ruwan da ke taruwa a gindin matacin mai kamar yadda ka ce, kuma zan taho da maƙwabcina, bas ɗinsa ta kwana goma tana ƙin tashi da safe.

Wassalam.

Naku,
Ɗan kasuwar hatsi, daga cikin birnin Katsina.