Wurin aza ƙafa muke nema a Damagaram

Malam Edita, assalamu alaikum.

Makon jiya na saurari shirinku na kiwon lafiya, inda likita yake ba mu shawarar mu riƙa takawa da ƙafa ko da minti 30 a rana, saboda hawan jini da ciwon suga. Gaskiya ya faɗa. Sai dai a Damagaram ba sai an roƙi talaka ya yi tafiyar ƙasa ba, wanda bai da kuɗin kabu-kabu ai ya san hanya. Wurin aza ƙafar ne ya yi mana wuya.

Ni tsohon malamin lakwal ne, a Birni nake zaune. Cikin lungunanmu na bayan fadar Sarki ba mu da fargaba, don ƙuncinsu ya hana mota gudu. Amma da ka fito gudoro ka nufi Zango ko Kasuwar Dole, sai addu'a. Gefen hanya mai tebur ya kafa, mai kwalaben mai ya jera, mai faci ya baje tayoyinsa, abin da ya rage rairayi ya cinye. Dole ka sauka tsakiyar titi, ku yi ta goga kafaɗa da adaidaita da amalanke da ɗan ga-ruwa mai tura jarkokinsa. Da damina kuwa ruwa ya kwanta, kowa tudun tsakiya yake nema.

Kwanan baya ina riƙe da hannun jikata za mu tsallaka, madubin wani ɗan kabu-kabu ya goge ta a kafaɗa. Allonta ya faɗi ya tsage, alli ya watse cikin ƙura. Allah ya tsare, ba ta ji ciwo ba. Yaron ya tsaya jiki na rawa yana "Baba, don Allah ka yi haƙuri." Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ga shi ma ɗan ga-ruwa ya kauce wa. To wa zan kama?

Ba na raina aikin da aka yi lokacin shirin gyaran gari na Zinder Sabuwa a 2018, titunan sun yi kyau, mun gode. Amma hanya in ta yi santsi, direba ƙara wuta yake yi. Ga garinmu mahaɗa ce: hanyar Yamai zuwa Difa ta ratsa mu, ga ta Agadas, ga ta Kano, ga tankokin mai tun da aka buɗe matatar mai a 2011.

Roƙona ga hukumar birni, in za ta tsara manufa kan masu tafiya a ƙasa, ta fara da ƙofofin makarantu. A sa tudun rage gudu na ƙwarai, ba irin wanda 'yan unguwa ke tarawa da ƙasa ba, a shafa farin fenti wurin tsallakawa, ɗan sanda ya tsaya lokacin tashin yara. Masu tebur kuma kada a kore su da kulki, abinci suke nema. A zauna da shugabanninsu a ja layi, su matsa baya taku biyu.

Jikata har yau in mun iso gudoro sai ta damƙe rigata. Ina so ku gayyato jami'in birnin cikin shirinku, ku buɗe mana layin waya.

Na gode.
Mai sauraronku daga unguwar Birni, Damagaram.