Jarrabawar Nafis da 'ya'yanmu na Makka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana da 'yan'uwana Hausawa mazauna Saudiyya, musamman masu yara a aji uku na mutawassiɗa, wato ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare a lissafin gida.

Ni tela ne a Makka, wajen Shari' Mansur, kuma ɗana na uku ya zauna jarrabawar Nafis bana. Ga wanda bai sani ba, jarrabawa ce ta ƙasa baki ɗaya da Hukumar Tantance Ilimi da Horaswa take shiryawa tare da Ma'aikatar Ilimi tun 2022. 'Yan aji uku da aji shida na ibtida'iyya, wato firamare, suna yi, 'yan aji uku na mutawassiɗa ma suna yi, su a karatu da lissafi da kimiyya. Ba malamin aji ne ke fitar da tambayoyin ba, ba kuma shi ke ba da maki ba. Duk da haka a majalisarmu ta bayan La'asar abin da za ka ji shi ne, "Ai ba ta shiga Nur, makarantar ake aunawa, me ya dame mu?" Nur ɗin nan shi ne shafin intanet na Ma'aikatar Ilimi da ake saka makin yara. Ni ma haka nake cewa, har wani dare.

Makaranta ta turo takardun gwaji ta WhatsApp. Bayan Isha'i yaron ya zo shago ya zauna kan bandir ɗin yadi, ina kai ƙarshen wata jallabiya. Na ce karanta in ji. Tambaya ce doguwa kan tankin ruwa mai cin lita 240, an kwashe kashi uku cikin huɗu. Ya karanta tas, ba gargada, har da ƙalƙala, don ya haddace izu ashirin. Na ce to, me ake nema? Ya yi shiru yana naɗe tef ɗin awo a yatsa. Can ya ce 180. Na tsayar da keken na ce masa da Hausa, "Tanki na cin 240, an kwashe uku cikin huɗu, nawa ya rage?" Ko fensir bai taɓa ba ya ce sittin. Ashe lissafin na nan a kansa daram. Kalma guda ce ta Larabci mai nufin abin da ya rage ta wuce ta bakinsa ba ta biya ta kansa ba.

Daren nan ban yi barci da wuri ba. Yaron nan da Hausa yake cin tuwo, da Larabcin Hijaz yake buga ƙwallo a lungu, sannan a zaunar da shi a ce ya amsa kimiyya da Larabcin littafi, wanda ba mai yi masa magana da shi sai liman ran Juma'a. Mu kuma da mun ji yana rera karatu sai mu ce masha Allah, ya iya.

Wani maƙwabcina, mutumin kirki, ya yanke cewa Hausar ce matsala, har ya hana ta a gidansa. Na ce masa Alhaji, ka bar jaki kana dukan taiki. Dubi sakamakon PISA, gwajin da ake yi wa 'yan shekara 15 a ƙasashe da dama. A 2018 Saudiyya ta samu 373 a lissafi, a 2022 ta hau zuwa 389. A karatu kuwa daga 399 ta sauko 383, alhali matsakaicin ƙasashen OECD, ƙungiyar da ke shirya gwajin, 476 ne. Yaran da aka gwada, nawa ne a cikinsu suka taɓa jin "ina kwana"? Ɗan Balarabe ma tazarar da ke tsakanin Larabcin gida da na littafi tana kayar da shi. Yanzu ga jikokin Alhajin ba sa iya gaida kakarsu ta Katsina a waya, kuma ban ga makinsu ya ɗaga ba.

Ina da ƙorafi kan makarantar yaron ma, ko da yake ba zan kama suna ba. Makonni kafin jarrabawar aka jingine darussa, kullum cike da'irori da fensir, ana koya musu dabarar watsar da amsoshi biyu a canki ɗaya. Kiwon ranar kasuwa ke nan. Na fahimci malaman, sunan makarantarsu ne a kan sikeli, amma canki-canka ba zai raka yaro Ƙudurat ba, jarrabawar neman shiga jami'a, kuma tana jiransa a sanawiyya, wato babbar sakandare, da nata dogayen nassoshin. Ban ma taɓo yaranmu marasa iƙama, takardar izinin zama, ba, waɗanda ko a lissafin waɗanda suka faɗi ba sa ciki. Wannan wasiƙa ce daban.

Abin da ya ba ni haushin kaina, maganin na hannuna tun tuni. Ni ɗan zaure ne a Kano. Malaminmu ba ya barin ka wuce kalma sai ka ba ta Hausarta, ka karanta ya fassara, gobe kai ka maimaita masa. Haka muka san Larabci ba mu taɓa ganin Balarabe ba. Wannan salon na dawo da shi shago. Kullum shafi ɗaya daga littafin yaron na kimiyya, ya karanta jimla, ya faɗa min ita da Hausa ina ɗinki. Inda ya maƙale mu buɗe ƙamus. Ran nan a darasin ƙwayoyin halitta ni ne na maƙale, shi ya yi min bayani, yana dariya wai Baba zaure bai kai nan ba.

Ƙanwarsa tana aji biyar, baɗi ita ke da Nafis ta aji shida. Uwarta ta karɓi nata shafin, suna yi a kicin kafin shinkafa ta tsotse.

Wassalam.

Naku,
Wani tela daga Shari' Mansur, Makka