Juma'a ko Laraba? A yi ƙirgar yadda masu ita suke yi

Malam Edita,

Gaisuwa da fatan alheri. Duk shekara in Ista ta ƙarato, musun nan yakan dawo filinku na masu sauraro: ranar Juma'a aka gicciye Almasihu ko ranar Laraba? Masu bugo waya daga Aboabo da Asawase kusan aya ɗaya suke riƙe da ita, Matiyu 12:40, inda Yesu ya ce kamar yadda Yunusa ya yi yini uku da dare uku a cikin kifi, haka Ɗan Mutum zai yi a cikin ƙasa. Na san maƙwabtanmu Musulmi ba su yarda an gicciye shi ba tun asali, wannan magana ce dabam. Tawa a kan musun da ke tsakanin Kirista ne.

Masu cewa Laraba ba da ka suke magana ba, kuma ya kamata a ji lissafinsu yadda yake. Sun ce an sa shi a kabari ranar Laraba da faɗuwar rana, ya tashi ranar Asabar da faɗuwar rana, awa 72 cif. Hujjarsu ita ce Asabar biyu aka yi a makon. Littafin Firistoci 23:5-7 ya sa Idin Ƙetarewa ranar 14 ga watan fari, wato Nisan, ranar 15 kuma farkon Idin Abinci Marar Yisti ce, ba a aiki a cikinta ko da wace rana ta faɗo. Don haka suka ce Alhamis ce "babbar rana" da Yahaya 19:31 ya ambata, matan da suke bin Yesu suka sayi kayan ƙanshi na shafa wa gawarsa ranar Juma'a, suka huta ranar Asabar ta mako. Wani mai wa'azin rediyo Ba'amurke, Herbert Armstrong, ya yaɗa wannan ra'ayi sosai a ƙarnin da ya wuce.

Gaskiya ce, in aka bi Juma'a dare biyu ne kawai. Ya rasu wajen ƙarfe 3 na yamma, Yusufu mutumin Arimatiya ya binne shi kafin rana ta faɗi wajen ƙarfe 6, ranar Lahadi da asuba an tarar da kabari ba kowa. Wajen awa 36 ke nan. Duk faston da ya tsaya yana neman dare na uku a nan, wahalar da kansa yake yi.

Inda aka sami matsala shi ne salon ƙirga. Bahaushe da dare yake ƙirga kwana, shi ya sa daga Juma'a zuwa Lahadi kunnenmu kwana biyu yake ji. Amma ko a nan Kumasi ba kowa ke ƙirga haka ba. Jaririn da aka haifa ranar Talata aka yi sunansa Talata mai zuwa, mu sai mu ce kwana bakwai, Asante kuwa su ce rana ta takwas, domin suna haɗawa da ranar haihuwar. Lokaci ɗaya ne, ƙirgar ce ta bambanta. Yahudawan wancan zamani irin ta biyun suke yi: ranar farawa ana lissafa ta, ranar ƙarshe ma haka, ko da ɗan guntu ne aka samu daga cikinta. Ranarsu kuma daga faɗuwar rana take somawa. Saboda haka 'yan awoyin yammacin Juma'a rana ta ɗaya ce, daga magaribar Juma'a zuwa magaribar Asabar ta biyu, daga nan zuwa asubahin Lahadi ta uku.

Ba sai an fita daga Littafi Mai Tsarki ba a ga wannan. A Esta 4:16 sarauniya ta ce a yi azumi kwana uku, dare da rana, sa'an nan ta shiga wurin sarki. A 5:1 sai ga ta a gaban sarki a rana ta uku, ba ta huɗu ba, har tana gayyatarsa biki a ranar. A Luka 13:32 Yesu da bakinsa ya ƙirga: yau, da gobe, a rana ta uku in gama. A Matiyu 27:63-64 manyan firistoci sun gaya wa Bilatus, gwamnan Romawa, cewa Yesu ya ce zai tashi bayan kwana uku, amma tsaron da suka roƙa har zuwa rana ta uku ne kawai. Da sun fahimci awa 72 ake nufi, ai da sun nemi a tsare har ta huɗu. Wani malamin Yahudawa, Eliyazar ɗan Azariya, wanda ya rayu wajen shekara ta 100, an ruwaito daga gare shi a Talmud na Urushalima, littafin koyarwar malamansu, cewa yini da dare ma'auni ɗaya ne, guntunsa kuma kamar dukansa yake.

To, me Laraba take ɓatawa? Ta gyara aya ɗaya ta karya da yawa. Mafi girma ita ce Luka 24:21. Mutum biyu suna tafiya Imuwasu ranar Lahadi, suka ce wa baƙon da ya tarar da su yau rana ta uku ke nan da faruwar waɗannan abubuwa. In Laraba ce, Lahadi rana ta biyar ce a ƙirgarsu, ta huɗu a tamu. Masu Laraba sukan ce daga ranar da aka buga wa kabari hatimi ake ƙirgawa, wato Alhamis. Amma aya ta 20 ta faɗi abubuwan da suke nufi: an bashe shi ga hukuncin kisa, an gicciye shi. Ba hatimi a ciki.

Sai matan. In Juma'a ranar aiki ce da har suka shiga kasuwa, me ya hana su wuce kabarin a ranar? Don me za su bari sai Lahadi, bayan Marta ta ce gawar Li'azaru ta yi wari a kwana huɗu (Yahaya 11:39)? Maganar kayan ƙanshin ma tana warwaruwa ba tare da an ƙara rana ba. Luka 23:56 ya ce sun shirya abin da ke hannunsu kafin Asabar ta shiga, Markus 16:1 ya ce sun saya bayan Asabar ta wuce, wato da magaribar Asabar lokacin da ciniki ya halatta. Markus 15:42 kuma ya faɗa ƙarara cewa ranar shiri ce, jajibirin Asabar. Ita "babbar rana" ta Yahaya, in ranar idi ta faɗo a kan Asabar ta mako, girma biyu ne suka haɗu.

Akwai masu cewa Alhamis, kuma a ganina sun fi masu Laraba ƙarfi, don suna samun dare uku ba tare da sun yi nisa da maganar Imuwasu ba. Sai dai su ma dole su mai da jajibirin Asabar ya zama jajibirin idi, kuma ikilisiyar farko ba ta tare da su. Yustin Shahidi, da yake rubuta wa sarkin Roma wajen shekara ta 155, ya ce an gicciye shi kwana ɗaya kafin Asabar, ya bayyana ga almajiransa washegarin Asabar. Rikicin da aka yi a ƙarni na 2 tsakanin ikilisiyoyin Asiya Ƙarama da ta Roma, wanda majalisar Nikiya ta 325 ta sake dubawa, a kan ranar da za a yi bikin Ista ne, ko 14 ga Nisan ko Lahadi. Ba a yi musu a kan ranar da ya mutu ba. Ko 'yan Adbentis, da suke da yawa a ƙasar Asante kuma Asabar suke ibada, Juma'a da Lahadi suke koyarwa.

Inda ƙullin gaske yake, wanda ban ji an taɓa a filin ba, shi ne kwanan watan. Matiyu da Markus da Luka sun nuna jibin ƙarshe, wato abincin dare na ƙarshe da Yesu ya ci da almajiransa, jibin Idin Ƙetarewa ne (Markus 14:12), wanda zai sa Juma'ar ta zama 15 ga Nisan. Yahaya kuwa ya ce da safen da aka kai Yesu fadar Bilatus, shugabannin sun ƙi shiga don kada su ƙazantu su kasa cin jibin idin (18:28). A wurinsa Juma'ar 14 ga wata ce, ranar da ake yanka 'yan raguna a Haikali da la'asar, daidai lokacin da Yesu ya rasu. Duka huɗun sun yarda Juma'a ce, kwanan watan ne ya bambanta. Masana sun yi ƙoƙarin daidaitawa. Wata Bafaranshiya, Annie Jaubert, ta kawo shawara a 1957 cewa Yesu ya bi wata kalanda mai kwana 364 irin ta mutanen Kumran, wata ƙungiyar Yahudawa ta wancan zamani, ya ci jibin daren Talata. Wasu sun ce ya gabatar da jibin da kwana ɗaya ne don ya san ba zai kai ba. Har yau ba a rufe wannan ba.

Shekarar ma ana iya matse ta. Bilatus ya yi mulkin Yahudiya daga 26 zuwa 36, Luka 3:1 kuma ya sa farkon wa'azin Yahaya Maibaftisma a shekara ta 15 ta Kaisar Tibariyas, wajen 28 ko 29. A wancan zamani watan Yahudawa da gani ake tsayar da shi, don haka masana taurari sukan lissafa daren da jinjirin wata zai iya bayyana a Urushalima, su ƙirga kwana 14. Ranakun da suka faɗo Juma'a biyu ne suka dace: 7 ga Afrilu shekara ta 30, da 3 ga Afrilu shekara ta 33. Colin Humphreys da Graeme Waddington na Jami'ar Oksfod sun zaɓi ta biyun a 1983, suna nuna cewa an yi husufin wata a yammacin ranar, ko da yake wasu masana sun ce da wuya a gan shi daga Urushalima. Masu Laraba sukan kama 25 ga Afrilu shekara ta 31, amma sai an ɗauka an ƙara wata na 13 a shekarar kafin lissafin ya fita. Ga kuma abin da ke kawo kuskure a duk wannan: hazo ko gajimare na iya jinkirta ganin wata da kwana ɗaya, kuma ƙarin wata hukuncin majalisar Yahudawa ne, tana duba nunar sha'ir da girman 'yan raguna. Kwamfuta ba ta san abin da suka yanke ba.

A nan ne zan roƙi masu wa'azi su daina cewa duhun nan da ya rufe ƙasa ranar gicciyen daga ƙarfe 12 zuwa 3 husufin rana ne. Idin Ƙetarewa a tsakiyar wata yake, lokacin da wata ya cika, husufin rana kuwa sai a ƙarshen wata, kuma cikakkensa ba ya kai minti 8.

Malam Edita, in za ku sake buɗe filin, ku gayyaci ɓangarorin biyu, kowa da Littafinsa a hannu. Mai Laraba a ba shi Luka 24:20-21 ya ƙirga da yatsunsa a ji. Mai Juma'a kuma kada a bar shi ya tafi sai ya ajiye Markus 14:12 kusa da Yahaya 18:28 ya yi bayani, ya kuma faɗi yadda Markus 15:25 ya ce an gicciye shi da ƙarfe 9 na safe, alhali Yahaya 19:14 ya nuna shi a gaban Bilatus wajen sa'a ta shida, wato tsakar rana in an bi ƙirgar Markus.

Naku mai sauraro,
daga Asawase, Kumasi