Waƙar zamani da ido ake fara jin ta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana a kan shafinku na nishaɗi, wanda ba na bari ya wuce ni. Na daɗe ina lura da yadda kuke sharhin sababbin waƙoƙi: a kawo baiti biyu ko uku, a yaba murya ko a kushe ta, a faɗi yawan waɗanda suka kalla a YouTube, sai a rufe da labarin wanda mawaƙin yake rigima da shi. Bidiyon waƙar kuwa, da hoton bangon faifan, da irin shigar da mawaƙin ya fito da ita, ba a cewa uffan a kansu, sai dai a manna hoton a gefe don cike gurbi. A ganina an bar jaki ana dukan taiki, domin yaran da suke bin waƙoƙin nan da ido suke fara karɓarsu kafin kunne ya kai ga ji.

Ni malamin zane-zane ne a makarantar sakandare, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami a ajina ya faru. Wata rana na tambayi ɗalibaina waƙar da ta fi burge su a wannan zango, kusan dukansu suka ambaci guda ɗaya. Na sa musu bidiyonta, amma na kashe sautin gaba ɗaya. Da farko sun yi ta gunaguni. Na ce kowa ya ɗauko takarda, duk lokacin da hoto ya sauya ya ja layi ɗaya. Kafin a cinye minti guda wasu sun gaji sun daina ƙirga. Sai muka koma farko, muna tsayar da bidiyon muna kallo a tsanake. Suka ga duk inda mawaƙin ya bayyana daga ƙasa kamara take ɗaukarsa, har ya yi wa kowa rata a tsawo. Suka ga 'yan matan da ke rawa a bayansa ba a cika nuna fuskokinsu ba, sassan jikinsu kamara take bi, ta yanke kai ta bar saura. Suka ga wata kwalba a kan tebur an juyo da tambarinta daidai saitin kamara, ta fito sau da dama, haske na dukanta fiye da yadda yake dukan mutanen da ke zaune a wurin. Wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ashe talla muke kallo." Wani yaro kuma ya ce ya kalli bidiyon nan ya fi a ƙirga, amma sai yau ya lura ba a tsaya a kan fuskar ko mace ɗaya ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai ya zo ne da muka saurari waƙar babu hoto. Ashe kukan kaɗaici ce, mutum ne yake cewa kowa ya guje shi. Baiti na faɗin wani abu, hoto na koyar da wani daban, kuma hoton yaran suka haddace.

Babu abin da ya faɗa cikin hoton nan bisa kuskure. Akwai darakta, da mai ɗaukar hoto, da mai haske, da mai kwalliya, da mai zaɓen sutura, da mai tace bidiyo, a bayansu kuma ga kamfanin da ya zuba kuɗinsa. Kowannensu ya yanke shawara a kan abin da za mu gani da abin da za a ɓoye mana. Kuma sana'a ce mai tarihi. A da cikin rigar takarda mara ado ake sayar da faifan garmaho, har zuwa 1940, lokacin da wani matashi mai zane, Alex Steinweiss, ya shawo kan kamfanin Columbia a Amurka aka fara yi wa faifai bango mai hoto, ciniki kuwa ya ƙaru. Da babban faifai mai faɗin inci 12 ya fito a 1948, masu zane suka sami fili sosai, bangon faifai ya zama abin da mutum zai riƙe da hannu biyu yana nazari yayin da waƙa ke tashi.

A duba bangon Abbey Road na ƙungiyar Beatles. Ranar 8 ga Agusta 1969 mai ɗaukar hoto Iain Macmillan ya hau ɗan tsani a tsakiyar titi a Landan, ɗan sanda ya tare masa motoci, ya ɗauki hoto shida na mawaƙan ƙungiyar su huɗu suna tsallaka titi a jere. Aka zaɓi ɗaya, aka buga shi babu sunan ƙungiya babu sunan faifai a gaba. Wannan shirun ma magana ce: mun kai inda fuskarmu ta wadatar. A duba kuma aikin Lemi Ghariokwu, wanda ya zana wa Fela Kuti bangon faifai 26, ya fara da Alagbon Close a 1974. Shi cika bango yake yi maƙil da mutane da rubutu da zane mai cizo, ta yadda wanda bai sa faifan ba ma ya riga ya san da wa ake faɗa. Hanya biyu ke nan mabambanta, kowacce ta dace da mai ita. Yau bangon ya ƙanƙance ya koma ɗan hoto a fuskar waya, bai kai kan sarki girma ba, shi ya sa ake ta ganin launi ɗaya mai ƙarfi da fuska ɗaya babba, don ya tsayar da yatsan mai wucewa. Ko wannan sauyin kaɗai ya isa a cika shafi da shi.

Bidiyo kuwa ya karɓe ragama ne tun ranar 1 ga Agusta 1981, da tashar MTV ta fara watsa bidiyon waƙa dare da rana. Zuwa Disamba 1983 Michael Jackson ya fito da Thriller, wanda darakta John Landis ya shirya kamar ƙaramin fim na kusan minti 14, kuma jar rigar da ya sa a ciki ta shiga zukatan mutane kamar yadda kiɗan ya shiga. A Disamba 2012 Gangnam Style ya zama bidiyo na farko da aka kalla sau biliyan 1 a YouTube, alhali da harshen Koriya aka rera shi, yawancin masu kallo ba su fahimci baitinsa ba. Rawar da launukan ne suka kai shi inda ya kai.

Idan ana neman shaidar yadda kamanni ke iya rinjayar murya, labarin Milli Vanilli ya isa. Furodusa Frank Farian a Jamus yana da mawaƙa masu murya, irin su Brad Howell da John Davis da Charles Shaw, amma a lissafinsa siffarsu ba za ta sayar da faifai ba. Sai ya samo samari biyu kyawawa masu dogon kitso da iya rawa, Rob Pilatus da Fab Morvan, ya sa su a bango da bidiyo da sunan Milli Vanilli suna motsa baki a kan muryar wasu. Duniya ta karɓa hannu bibbiyu, har a Fabrairu 1990 aka ba su kyautar Grammy ta sababbin mawaƙa. To amma zanen aro ba ya rufe katara. A Nuwamba na wannan shekarar Farian da kansa ya tona asiri, aka ƙwace kyautar, aka mai da samarin abin dariya. Pilatus ya rasu a 1998 bai farfaɗo daga wannan faɗuwa ba. Duk lokacin da na ba ɗalibaina labarin nan tausayin samarin biyu ne yake kama ni, domin su aka jefa wa duwatsu, wanda ya ƙulla abin kuma ya ci gaba da sana'arsa. Ina kuma tuna masu muryar gaskiya da aka ajiye a bayan labule saboda wani ya yanke hukunci cewa fuskarsu ba ta yi ba. Irin wannan hukunci har gobe ana yanke shi, ana ƙara wa fata haske a wajen tacewa, ana rage ƙugu, ana share tabo, yarinya kuma tana kallo tana auna kanta da abin da ko ita mawaƙiyar ba haka take ba.

Kada a ɗauka ina gaba da bidiyon waƙa. Ina ƙaunarsa, shi ya sa nake so a ba shi haƙƙinsa. Wanda ya kalli This Is America na Childish Gambino, da Hiro Murai ya ba da umarni a 2018, ya san abin da fasahar nan za ta iya. A cikin wani ƙaton ɗakin ajiya aka ɗauke shi. Mawaƙin na rawa yana murmushi, sai ya zaro bindiga ya harbe mutumin da aka rufe wa kai. Nan take wani yaro ya zo ya karɓi bindigar a cikin jan ƙyalle, da ladabi, gawar kuwa aka ja ta a ƙasa. A cikin daƙiƙa kaɗan an faɗi abin da dogon sharhi zai yi ta kewaye a kai: an fi tattalin makami a kan rai. Daga baya ya buɗe wa ayarin mawaƙan coci wuta, abin da ya tuna wa mutane da yawa kisan mutum 9 a cocin Charleston a 2015. Duk wannan na faruwa, shi da 'yan makaranta suna ta rawa a gaba, tarzoma na ci a baya, kuma kusan kowa a kallon farko rawar yake bi. Da gangan aka tsara haka, don mai kallo ya kama kansa yana aikata abin da ake zargin al'umma da shi. Bidiyon ya ci Grammy a 2019. Wanda ya yi sharhin waƙar nan daga baitinta kaɗai ya bar rabin aikin a ƙasa.

Ko ɓoye fuska ma shiga ce. Daft Punk sun yi shekaru cikin hular ƙarfe, Sia ta rufe fuska da gashin kanti, Lagbaja ya rufe tasa da ƙyalle, kuma rufewar ce ta zama tambarin kowannensu.

Akwai wani abu da ya sa nake ganin aikin nan ya zama wajibi a kanku. Inda masana suka yi shiru, masu shaci-faɗi ne suke cike gurbin. Mawaƙi ya rufe ido ɗaya da hannu, ko a ga siffa mai kusurwa uku a bango, sai a tashi da cewa ɗan ƙungiyar asiri ne, a yi ta yaɗawa a Facebook da WhatsApp. Wannan ba sabon ciwo ba ne. A 1969 aka baza cewa Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ya mutu an sauya shi da wani, ana kafa hujja da yadda ya tsallaka titin nan ba takalmi a bangon Abbey Road, har sai da ya mai da martani a 1993 da faifai mai suna Paul Is Live, ya sake ɗaukar hoto a kan wannan titi. Mai farautar alamun asiri yakan tsallake abin da ke gabansa ƙuru-ƙuru, wato kwalbar talla da jikin macen da kamara ta yanke wa kai, ya tafi neman abin da babu. Nazari na gaskiya da tambayoyi masu sauƙi yake farawa. Wa aka sa a tsakiya, wa aka tura gefe? Daga ina kamara take kallo, kuma idon wa aka ara mana? Me ake sayarwa ban da waƙar? Hoton ya bi baitin ne, ya ƙara masa ma'ana, ko ya ƙaryata shi? Yaran ajina 'yan shekara 15 sun iya amsa waɗannan cikin darasi guda.

Don haka, Malam Edita, roƙona shi ne ku ware ko da rabin shafi ne a mako, a ɗauki bidiyo ɗaya ko bangon faifai ɗaya a warware shi dalla-dalla. Ku buga hoton da girma yadda za a ga abin da ake magana a kai. Ku riƙa ambaton sunan darakta da mai ɗaukar hoto da mai zanen bango kamar yadda kuke ambaton mawaƙi, domin su ma aikinsu ne, kuma wanda ya san za a kira sunansa a jarida zai ƙara kula da abin da yake sa wa yaran mutane a ido. Ku gayyaci masu sana'ar su bayyana da bakinsu dalilin da ya sa suka zaɓi wannan launi ko wancan kusurwa. Idan kun buɗe filin, ni da ɗalibaina a shirye muke mu aiko da namu nazarin, takardun da suka ja wa layi a ranar nan ma suna nan a ajiye a cikin durowata.

Wassalam.

Naka,
Malamin zane-zane, mai karanta jaridarku a kullum