Kwana biyu a ƙafa don a ga kufai

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a. Don Allah a ɗan ba ni fili.

Ran kasuwa na kai wayata caji, ina zaune a benci ina jira sai yaron shagon ya miƙo min tasa, wai Baba kalli wannan. Wasu turawa ne da jakunkuna a baya suna ta dama taɓo a wani daji na ƙasar Gwatamala, daji ne da ƙyar rana ke taɓa ƙasa, ga alfadarai a gaba ɗauke da ruwa da abinci. Na ce farauta suka fita? Ya ce a'a, kufai za su gani. Wallahi sai da na yi dariya har da tari.

Sunan wajen El Mirador, tsohon birnin mutanen Maya ne, wata al'umma ta asalin yankin, ya haura shekara 2000. Mota a wani ƙauye Karmelita take tsayawa, daga nan sai sayyada, kwana biyu cur kafin a isa, ga kaska ga sauro ga macizai ga wasu birai da ke ruri da asuba sai ka rantse zaki ne, zuwa da dawowa kwana 5 ko 6, mai hannu da shuni kuwa helikwafta yake hawa daga garin Fulores abunsa. Can ciki akwai wani gini La Danta, tsayinsa wajen mita 72, kuma da hannu aka jera duwatsun nan, ba ƙarfe ba amalanke ba jaki. Mutanen Mayan da suka gina shi manoman masara ne fa kamar mu. Bishiyoyi sun rufe shi ruf, ka ɗauka tsauni ne.

Ni mutanen Karmelitan nan ne suka tsaya min a rai. Da can iyayensu bishiya suke tsagawa suna tarar ƙaron da ake cingam da shi, yanzu su ne 'yan rakiya, su ke da alfadaran, su ke girki a hanya, kuɗin baƙo a ƙauyen yake kwana.

To mu nan Birnin Kudu muna da Dutsen Habude da Dutsen Mesa, da zanen shanu a jikin dutse tun zamanin da ba wanda ya san kakan wa ya yi, shanu marasa tozo irin da ba ka gani a ruga yau, ga duwatsun da in ka ƙwanƙwasa suke amo kamar kuge. Kuma kwalta ta ratsa garin. Ni da furfurata sau ɗaya na taɓa leƙawa, shi ma akuyata ce ta ɓata, ba zan ɓoye ba. Na tambayi jikana ɗan sakandare, ya san Maya a waya amma bai san Habude ba.

Ku turo mana wakilinku da kyamara in an gama girbi. Ni zan goya shi a mashin ɗina har gindin dutsen, man ma na ɗauke masa, fura kuma tana gida.

Naku,
wani manomi daga karkarar Birnin Kudu, Jihar Jigawa